Hular Kwanon Nura

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Ranar walimar sunan nan ta Balsall Heath, da kunnena na ji ɗayanku yana cewa aikin Kawu Garba ai shan iska ne: ya rataya jaka, ya tsaya a bakin fili, in wani ya faɗi ya ruga ya fesa masa wani abu mai sanyi ya dawo. Na kusa da shi ya ce shi ma irin aikin da yake so ke nan, tunda kallon wasa ake yi kyauta. Ban tanka muku ba, don lokacin bakina cike yake da waina. To na haɗiye, sai ku gyara zama.

Sana'ata gashin ƙashi. Ranakun aiki ina asibiti da masu ciwon baya da tsofaffin da aka yi wa aikin ƙugu, ƙarshen mako kuma ina bakin fili da 'yan ƙwallon Amurka. Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallon siffar gwanda gare ta. Mutum zai rungume ta ya ruga, ƙattin ɗaya ɓangaren su bi shi su kayar, in ya kai ta ƙarshen fili an ci. Kowa na sanye da sulken roba a kafaɗa da hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, kuma alƙalin wasa ba ya barin kowa ya taka fili ba hula. Ku riƙe wannan dokar ta hula, za ta yi mana amfani a gaba.

Ƙafar da na fara riƙewa ta wani mutum ce da ya faɗo daga kan rumbu, a ƙauyenmu can gefen Rano. Mahaifina maɗori ne, ni ke danne masa mutum in zai ja. Aka kawo mutumin a kan ƙyaure yana ta salati, ƙafar hagu ta kumbura suntum. Baba ya zauna ya kama ta dama, wadda ba abin da ya same ta, yana latsawa yana juyawa. 'Yan'uwan mutumin suka fara kallon juna, har ɗaya ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, ɗayar ce fa." Baba ya ce, "Na sani. Tambayar wannan nake yadda 'yar'uwarta take kafin yau." Har yanzu in aka kawo min ɗan wasa, lafiyayyen gefen nake fara taɓawa, kuma har yanzu sai an samu mai gaya min ɗayar ce fa.

Karatu ya kai ni Manchester, a can na faɗa hannun Maureen. Gajeruwar Baturiya ce mai muryar kwandastan mota, ita ke kula da 'yan wasan wata ƙungiyar ƙwallon Amurka a garin, ta ɗauke ni in koyi aiki. Na je ina jin kaina, ga ilimin gado ga na makaranta. Ta tuɓe takalminta, ta ɗora ƙafa a kan benci, ta jefo min naɗin filasta ta ce in ɗaure mata idon sawu. Na ɗaure, ta miƙe ta taka, ta ce wannan ɗaurin ko bakin buhun dankali ba zai riƙe ba. Na kwance na sake. Duk lokacin sanyin nan ƙafar Maureen na yi ta ɗaurewa, kafin ta yarda in taɓa ta ɗan wasa.

Ku da kuke ganin naɗe-naɗe ne kawai, ku saurara. Filasta da yatsa ake yaga shi, in ka tsaya neman almakashi ga layin ƙatti suna jira, an busa usur ba ka gama ba. A sanyin Ingila ba ya kama fata sai an ɗumama shi, shi ya sa za ka ga Maureen tana tafiya a ƙame kamar mai ƙurji, ashe naɗi biyu ne ta cusa a hammata. In ka matse da yawa, yatsun mutum su mutu yana cikin gudu. In ka sassauta, ya yi targaɗe da ɗaurinka a ƙafarsa, kunya kuma taka ce. In ka bar tattara ko ɗaya, kafin a tashi ta yi masa bororo. A jakata akwai bandeji, da auduga, da basilin, da man zafi, da almakashi mai lanƙwasasshen baki don yanka riga ba tare da an yanki mai rigar ba. Akwai kuma sukudireba, na kwance ragar ƙarfen nan daga hula idan mutum ya kwanta ana tsoron wuyansa. Wannan kam addu'ata kullum ya yi tsatsa a jaka.

Amma babban abin da na koya wurin Maureen bai ɗauki minti ɗaya ba. Wani ɗan wasanta ya yi karo da kai, ya fito yana layi, ya cire hula ya ajiye kusa da shi a benci. Ta bi ta bayansa ta ɗauke hular, ta kai but ɗin motarta ta kulle, ta jefa makullin a rigarta, sannan ta dawo ta fara duba idonsa. Da ya dawo hayyacinsa kaɗan ya nemi hula zai koma fili, ya yi zagi, ya yi roƙo, har kuka. Bayan an tashi ta ce min, "Garba, kan da ya bugu ba ya jin wa'azi, don wurin da zai ji wa'azin ne ya bugu. Ka fara ɗauke hular, bayani ya biyo baya." Ta gaya min cewa ƙwaƙwalwa in ta girgiza, aka kuma ƙara mata wani dukan kafin ta huta, akwai wanda ba ya sake tashi yadda yake. Ta taɓa gani da idonta, kuma ba ta son a ja zancen.

Da na samu aiki a Birmingham, sai na kama da wata ƙungiya mai wasa a gefen Erdington. A lokacin ba wanda ake biya. Masu gyaran famfo ne, da direbobin bas, da ɗaliban jami'a, kowa ya gama aikinsa ya zo a kayar da shi don nishaɗi. Akwai wani Tony, mai gadin ƙofar gidan rawa, faɗinsa ya kai ƙofar da yake gadi. Ran nan yatsansa ya goce ya kalli gefe, na kama na ja ya koma, mutumin nan ko ƙifta ido bai yi ba, tambayata ma yake ko na ci abinci. Bayan wasa na zo ɓare masa filasta a ƙafa, ya kama gashin ƙaurinsa, ya kurma ihun da sai da mai sayar da shayi ya leƙo. Tun daga ranar nake yawo da reza, in fara aske gashi kafin in manna filasta.

'Yan wasa duk maƙaryata ne, amma ƙaryar iri biyu ce. Akwai mai ƙara gishiri, ɗan ƙwarzane ya ce ya karye. Wannan ba shi da wuya, ka shafa masa man zafi ka yaba wa jarumtarsa, yanzu ya miƙe. Wanda ke hana ni sakewa shi ne mai cewa lafiyarsa ƙalau, kuma shugaban masu wannan ƙaryar Nura ne.

Nura ɗan gidan wani injiniya ne mutumin Kano, a nan aka haife shi, Hausarsa ma da karin Birmingham take fita. Shi ne mai gudu da ƙwallo, in aka miƙa masa gwandar nan sai dai ku ga bayansa. Allah kuma ya yi masa kai, tubarkalla. Duk hulunan ƙungiya ba wadda ta shige shi, sai da aka aika Amurka aka kawo masa tasa, guda ɗaya tak. Mahaifiyarsa Hajiya Binta malamar makarantar firamare ce, kuma ba ta taɓa zuwa kallon wasansa ba. Ya roƙa har ya gaji. Ta ce ba za ta biya kuɗin bas ta je ta ga ana dukan mutum ba laifin tsaye ba na zaune. Ga shi ɗan fari, ku kuma kun san iyayenmu mata da ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, in ma magana ta kama sai dai "wannan" ko "shi". Nura ɗan Ingila ne, ya san al'ada ce, amma abin yana damunsa. Yakan ce min, "Kawu, su Tony mum ɗinsu har banner take ɗagawa, ƙyalle da sunansa a jiki."

Yanzu ga muguwar shekarar. Ana tsakiyar tsuke bakin aljihu, ko'ina ana rage ma'aikata, ni kaina an datse min kwanakin aiki a asibiti, sai ga wani mai shagunan kafet ya sayi ƙungiyarmu. Ya ce wasan yara ya ƙare, daga bana ƙwararru ne mu. Ya fara biyan 'yan wasa, ni ma aka yanka min albashi. Ya ɗauko koci daga Amurka, da wani dogon saurayi mai jifan ƙwallo, ya ɗinka mana riguna ruwan goro, ya manna hotunanmu a tashoshin bas an rubuta cewa kofi namu ne. Har ni na fito a hoton, can gefe, da jakata.

Wasan farko a gida aka kawo makaɗa da injin hayaƙi. 'Yan wasa suka fito ta cikin hayaƙin suna tari. Aka soma ruwa. Shi mai jifan nan daga garin rana ya zo, bai taɓa riƙe jiƙaƙƙiyar ƙwallo ba. Jifansa na farko ya suɓuce ya sami alƙalin wasa a ƙeya. Aka cinye mu. Muka ce ai sabo ne, zai saba. Mako na gaba aka sake cinye mu, na gaba ma haka. Kafin a kai rabin kakar wasa saurayin ya tattara ya koma gida, ya ce ciyawarmu ba ta yi masa ba.

Gaskiya kuma ciyawar ba ta yi wa kowa ba. Dattijon da ke gyara filin da muke haya yana cikin waɗanda aka sallama, fili ya koma rami-rami. Ni da aka ɗauka don gashin ƙashi sai ga ni da bokitin yashi ina bi ina cike ramuka kafin wasa, tunda cike rami ya fi ɗaurin targaɗe sauƙi. Duk da haka ban taɓa ɗaure idon sawu da yawa irin na shekarar nan ba. Kamfanonin da ke tallafa mana suka janye ɗaya bayan ɗaya, kafet ma ya daina ciniki. Na koma wanke bandeji ina shanyawa a kan hitar ɗumama ɗaki, matata tana cewa gidanmu ya zama ɗakin haihuwa. Injin ƙanƙara ya mutu ba a gyara ba, sai na ƙulla abota da wani mai kifi a babban titin Erdington, yana ba ni ragowar tasa. Ƙanƙara dai ƙanƙara ce, kumburi yana sauka, sai dai duk wanda na yi wa magani kuliyoyin unguwa su raka shi gida. 'Yan kallo suka yi ta raguwa, har muka san su ɗaya bayan ɗaya, da wani tsoho mai kare wanda nake zaton karen ne ma ke son wasan. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Cikin duk wannan Nura kaɗai ke fitar da mu kunya. 'Yan wasannin da muka samu muka ci, da ƙafarsa aka ci su. Haka muka rarrafa har wasan ƙarshe, wanda za a yi a Manchester, da tsohuwar ƙungiyar Maureen. In mun ci mu tsira, in an cinye mu mu faɗa rukunin ƙasa. Mai kafet ya tara mu ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in mun faɗi zai cire hannunsa, albashi ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Muna ɗumama jiki a filin Manchester sai na ji sallama a bayana. Na waiga, Hajiya Binta ce, da mayafinta da kular abinci. Filin ƙarami ne, igiya ce kawai tsakanin bencinmu da kujerun 'yan kallo.

Na ce, "Hajiya! Yau ke ce a nan?"

Ta ce, "Biki muka zo jiya, Malam Garba. Jirginmu na ƙasa sai yamma, na ce da zaman banza gara in shigo in huta."

Na ce haka ne, ai wurin hutawa ne. Nura ya hango ta daga tsakiyar fili, ya tsaya cak, ƙwallon da aka jefo masa ta bugi ƙirjinsa ta faɗi.

Ban taɓa ganin ya yi wasa irin na ranar ba. Tun kafin hutun rabin lokaci ya karɓi ƙwallo daga can baya, ya ratsa su har ƙarshen fili. Bencinmu ya rikice da ihu. A cikin ihun nan na ji wata murya ta mace a bayana, na kuma ji abin da ta ce, amma na yi kamar ban ji ba.

An dawo daga hutu, sun ɗan wuce mu kaɗan, lokaci na tafiya, sai aka sake miƙa masa. Ya sunkuya zai kutsa, wani ya zo ta gefe, hula ta gamu da hula, ƙarar ta iso har inda nake. Ya kwanta ɗan jim, ya miƙe. 'Yan kallo suka tafa. Ni kuwa na ga inda ya nufa: wurin 'yan Manchester ya je ya tsaya cikin da'irarsu yana sauraron shawara, sai da ɗayansu ya juya shi ya nuna masa namu. Na ɗaga wa alƙali hannu na shiga na fito da shi.

Na zaunar da shi, na ce ya cire hula in ga idonsa. Yana cirewa na karɓa na maƙale a hammata.

Na ce, "Nura, wane gari muke?"

Ya ce, "Erdington mana. Kawu, mu ke ci?"

Na ce su ke ci, amma da kaɗan. Na tambaye shi wa ya ci mana ɗazu, ya sunkuya yana kallon takalminsa. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, mu ke ci?"

Shi ke nan, na gama bincikena. Saura inda zan kai hular. Ba ni da mota a Manchester, bas ɗinmu yana can bayan katanga a kulle, direba ya tafi shan shayi. Koci ya taho yana ɗaga hannuwa, da Turancinsa na ta hanci, wai in ba Nura hularsa, gudu ɗaya kawai zai yi, ɗaya tak, sannan in yi duk abin da nake so da shi. Nura ya miƙe ya biyo ni.

"Kawu, I'm fine. Wallahi lafiyata ƙalau. Ba ni helmet ɗina."

Ina ja da baya yana matsowa. Ku dube ni, ku tuna girman Nura cikin sulke. In ya sa hannu ya fizge, ba abin da zan iya, kuma a halin da yake bai san ni Kawunsa ba ne balle ya ji nauyina. Na ji tsoro ƙwarai. Bayana ya taɓa igiya, na waiga, muka haɗa ido da Hajiya.

Na ce, "Hajiya, riƙe min wannan. Kada ki ba kowa, ko ni na dawo na ce ki ba ni."

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Kansa ya bugu. In ya koma aka ƙara masa, ban san abin da zai faru ba."

Ta karɓa, ta ɗora a cinya, ta ja mayafi ta lulluɓe, ta aza hannu biyu a kai.

Nura ya tsallake igiya a fusace. Yana isa gabanta jikinsa ya tuna abin da kansa ya manta, ya durƙusa, sulke da komai, duk da haka ya fi ta tsawo tana zaune.

"Umma, please. Saura kaɗan mu ci. Ki ba ni."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta kalla ta ce, "Malam Garba, gaya wa wannan ya nemi wuri ya zauna."

Ya zauna a nan ƙasa kusa da ƙafarta. Koci ya iso yana haki, ya rusuna, ya shiga yi mata bayani, madam kaza, madam kaza, kakar wasa gaba ɗaya, aikin mutane da yawa. Matar da ke koyar da 'ya'yan Turawa Turanci kullum ta dube shi da fara'a ta ce masa da Hausa, "Sannu da aiki, bawan Allah. Ka ci abinci kuwa?" Ya juyo wurina neman fassara, na ce tana gaishe shi. Ya ruga benci ya kwaso hulunan 'yan canji yana gwada wa Nura ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tsaya a tsakiyar kai kamar murfin ƙaramar tukunya. Ranar na gode wa Allah da ya yi wa yaron nan kai.

Aka ci gaba da wasa ba shi. Wanda ya maye gurbinsa ya yi iya ƙoƙarinsa, a gudun ƙarshe aka kayar da shi saura taku kaɗan ya kai. Aka busa usur. Tony ya zauna a ciyawa yana kuka kamar an ɓare masa filasta. Mai kafet ya sauko ya tsaya gabana ya ce, "Ka san abin da ka yi?" Na ce na sani. Nura kuwa yana zaune inda yake, ya jawo rigata ya ce, "Kawu, mu ke ci?"

Ina haɗa jaka sai ga Maureen ta ratso fili, ta tsufa, da sanda. Ashe duk tana kallo. Ta dubi Hajiya, ta dubi tudun da ke ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Garba, but ɗin motata bai kai wannan tsaro ba."

Muka kai shi asibiti aka ɗauki hoton kai, ba a ga jini ba, aka ce ya huta sosai. Mai kafet da ya ji ya bugo min waya ya ce, "Ka gani ko? Ba abin da ya same shi." To wannan ita ce sana'ar da kuke cewa shan iska. In ka yi aikinka daidai, ba abin da zai faru, kuma ba mai gode maka a kan abin da bai faru ba. Muka faɗa rukunin ƙasa. Mai kafet ya cika alkawari ya tafi, koci ya bi jirgi, albashina ya bi su. Ƙungiya ta koma hannun masu gyaran famfo, muka ci gaba da wasa don nishaɗi kamar da, da rigunanmu ruwan goro.

Nura ya yi makonni yana fama da ciwon kai, haske ma ba ya so. Da ya warware sai ya daina gaishe ni. A masallaci in na bi ta nan ya bi ta can. Abin ya yi min zafi, amma ban bi shi ba. Sai wata Asabar da rana na ji ƙwanƙwasa, na buɗe, shi ne. Ya zauna ya daɗe yana juya waya a hannu.

Ya ce, "Kawu, Tony ya turo min video. Na ga kaina a durƙushe gaban Umma. Ban tuna ba. Ba abin da na tuna, tun daga hawa bas da safe." Ya ɗago ido. "Wai da gaske ta zo? Ta ga na ci?"

Shekara da shekaru yana roƙon ta zo, ta zo sau ɗaya, ranar kuma ta goge daga kansa. Wanda ya ɗauki hoton ma rigimar hula kawai ya ɗauka, bai ɗauki gudun ba. Na ce ya je ya tambaye ta mana. Ya ce ai na san ba za ta faɗa masa ba. Na ɗauki hulata na ce mu je.

Muka sami Hajiya a falo, ta kawo min shayi. Hular kwanon tana kan sif, ta goge ta tas. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, aikin asibiti ne ya kawo ni. Akwai abin da ya ɓace masa a kai, kuma in wanda ya gani ya ba shi labari, yana taimakawa. Ki gaya mana yadda aka ci ƙwallon nan." Allah ya yafe min, rabin maganar nan ba ta cikin littafi.

Ta gyara mayafi. Ni take kallo, shi yana zaune a ƙasa.

"Ni me na sani a wannan haukar? Na dai ga an miƙa masa gwandar nan ya rungume. Wani ƙato ya taso masa, ya goce, ƙaton ya ci ƙasa. Wani ya kama masa riga, ya tafi da shi yana ja kamar an ɗaura masa akuya. Biyu suka tare gaba, ban san ta inda ya bi ba, sai ganinsa na yi a bayansu." Hannunta ya fara tashi sama, ta lura, ta mayar da shi cinya. "Sai kuma na ga mutane sun miƙe suna ihu."

Na ce, "Ke fa, Hajiya?"

"Ni ƙafata ce ta sage, shi ya sa na miƙe."

Nura ya juyo ya kalle ni. Na ce masa shekaruna da yawa ina duba ƙafafu, ban taɓa ganin sagaggiyar ƙafa ta yi tsalle irin na ranar ba. Na ce, "Kuma ina bakin igiya, da kunnena na ji. Sunanka ta kira, har sau biyu."

Ƙaton nan ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa, dariya da hawaye duk a haɗe. Hajiya ta miƙe ta ɗauki tire ta nufi kicin. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waigo ba.

Ta ce, "Malam Garba, shayinka na hucewa. Kuma ka gaya masa hular nan ba ya samunta."